Agustin na Hippo, Mai Sayad da Magana Wanda Alheri Ya Kama

Abin karantawa kafin darasi: Ishaya 55:1-3, da Romawa 13:11-14, da Afisawa 2:8-10.

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Muda Lawal ta birnin Bauchi da sassafe, sa'ad da a ke sauke kaya daga manyan motoci, ya sani kowane abu da kuɗinsa. Ga lemo da kankana, ga tumatir da albasa, ga doya da hatsi. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, dillali ya shiga tsakani, har a sallama. Ba mai fita da kwando cike sai wanda ya kwance bakin jakarsa. Mun saba da wannan ƙwarai, har da yawa cikinmu su kan zaci wurin Allah ma haka abin ya ke, watau mutum ya kawo kirkinsa da ƙoƙarinsa ya karɓi ceto. Darasinmu na yau labarin wani mutumin Afirka ne, wanda ya daɗe yana ciniki da baiwarsa, kafin ya gane akwai abin da ba a tayawa, sai dai a miƙa hannu a karɓa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Agustin ran 13 ga watan Nuwamba, shekara ta 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagaste, cikin lardin Numidiya na daular Rum. Garin yana cikin ƙasar Aljeriya, sunansa yanzu Suk Ahras, kalmar suk kuwa da Larabci kasuwa ke nan. Ƙasar nan tana can ƙetaren Hamada, wajen da ayarin fatake na Kano su kan nufa a da, su bi ta Agadas da Gat da Gadamas har bakin Bahar Rum. Tun shekaru kusan 200 kafin haihuwar Agustin akwai ikilisiya a wannan yanki. Daga cikinta Tatuliyan ya fito, da Sifiriyan bishop na Kartaj wanda aka kashe saboda bangaskiya a shekara ta 258.

Ubansa Patirisiyus mai ɗan gona ne, yana cikin majalisar gari, amma ba shi da dukiya mai yawa, ba mai bi ba ne kuma sai gab da mutuwarsa. Uwarsa Monika kuwa Kirista ce mai naciya ga addu'a. Da su ka ga yaron yana da kaifin basira, sai su ka aika da shi makaranta a Madaura, garin da ke kusa. Yana cikin shekararsa ta 16 kuɗin makaranta ya yanke, ya komo gida ya zauna shekara guda ba aiki ba karatu.

Cikin wannan shekara ya yi wani abin da ya tsaya masa a rai har tsufansa. Wata rana da dare shi da abokansa su ka shiga gonar maƙwabci, su ka kakkaɓe wani itace mai 'ya'ya, su ka kwashe. Ba yunwa ta sa su ba, gama a gidansu akwai 'ya'yan itacen da su ka fi waɗannan daɗi. Ɗanɗanawa kaɗai su ka yi, sauran su ka zubad wa aladu. Wani zai ce wasan yara ne. Agustin kuwa da ya yi bincike cikin zuciyarsa daga baya, sai ya tarar ba 'ya'yan itacen ya so ba, laifin kansa ya so, ya kuma lura da shi kaɗai ne da bai yi ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Kartaj da Roma da Milan

Da taimakon wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya tafi Kartaj, babban birnin Afirka ta Arewa, kusa da inda Tunis ta ke a yau. Can ya koyi fasahar magana, watau ilmin tsara zance domin a rinjayi alƙali ko taron jama'a. A zamanin nan ita ce hanyar samun muƙami. Can kuma ya ajiye wata mace zaman dadiro, su ka zauna tare shekara wajen 15, ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Adeyodatus, ma'anarsa kyautar Allah.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, masanin Rumawa, sai ƙishin neman hikima ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma ya raina shi, gama juyin Latin na lokacin ba shi da adon magana irin wanda ya saba da shi. Sai ya faɗa hannun mabiyan Mani, wani mutumin Farisa da ya koyad da cewa iko biyu ne ke yaƙi tun fil azal, na haske da na duhu. Wannan koyarwa ta yi masa daɗi, domin ta ba shi dalilin cewa ba shi ne ke yin zunubi ba, wani duhu ne a cikinsa. Shekara 9 yana tare da su, Monika tana ta kuka tana roƙon Allah dominsa.

Ya zama malami, ya koyar a Tagaste, kana a Kartaj. A shekara ta 383 ya yi niyyar ƙetarewa zuwa Roma. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa kada ya tafi. Sai ya yaudare ta, ya nuna kamar rakiyar aboki ya ke yi, ta kwana a wani ɗakin addu'a da aka gina domin tunawa da Sifiriyan, gari ya waye jirgi ya riga ya tashi. A Roma ciwo ya kwantad da shi har ya kusa mutuwa, almajiransa kuma su ka riƙa gudu ranar biyan kuɗi. A shekara ta 384 aka naɗa shi malamin fasahar magana na birnin Milan, inda fadar sarkin Rum ta ke a lokacin. Yana da shekara 30 ke nan, ya kai inda ya ke marmari.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wata rana yana shirin jawabin yabon sarki, wanda ya sani ƙarya ta yi yawa a ciki, masu ji ma sun sani, sai ya wuce wani maroƙi a bakin hanya, ya sha ya yi tatil yana ta fara'a. Agustin ya dubi kansa ya ga duk wahalar da ya ke sha neman farin ciki ne, ga shi maroƙi ya sami ɗan nasa da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuwa bai sami komai ba.

A Milan ya fara zuwa jin wa'azin bishop Amburos. Ba gaskiya ta kai shi ba, ya je ne ya auna gwanintar bakin mutumin, kamar yadda ɗan kasuwa ya kan leƙa rumfar abokin sana'a. Amma tare da daɗin maganar, ma'anarta ta riƙa shiga kaɗan kaɗan, har ya ga wuraren Tsohon Alkawari da ya ke yi wa ba'a suna da bayani. Monika ta biyo shi Milan. Aka nema masa auren 'yar babban gida, aka mayad da uwar ɗansa Afirka, ta tafi ta bar yaron, ta yi wa'adi ba za ta ƙara sanin namiji ba. Agustin bai ɓoye ba cewa rabuwar ta yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba cewa tun kafin ranar aure ta zo ya ɗauko wata mace. Hankalinsa ya riga ya yarda da bishara, amma al'ada ta ɗaure shi kamar sarƙa. Ya kan roƙi Allah tsarkin rai, yana kuma fatan kada amsar ta zo da wuri.

Tubansa

A shekara ta 386 wani ma'aikacin fada, mutumin Afirka mai suna Pontisiyanus, ya kawo masa ziyara, ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya rabad da dukiyarsa ya shiga jeji domin bautar Allah. Kunya ta rufe Agustin, ganin marasa ilmi sun tashi sun bi, shi kuwa da dukan karatunsa yana kwance. Ya fita lambun gida, ya faɗi a gindin wani ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana maimaita wata 'yar waƙa mai cewa a ɗauka a karanta. Ya komo wurin abokinsa Alipiyus, ya ɗauki littafin wasiƙun Bulus, ya buɗe, idonsa ya sauka a kan ayoyi biyu na ƙarshen Romawa sura 13, waɗanda mu ka karanta ɗazu. Bai bukaci ya wuce nan ba. Shakka ta kau, su ka shiga su ka gaya wa Monika.

Da hutun makaranta ya zo sai ya ajiye aikinsa. Shi da kansa ya kwatanta aikin da kasa surutu a kasuwa, yana sayad wa samari makamin da za su ci shari'a da shi, ko da gaskiya ko babu. Ya bar zancen aure kuma. Daren Idin Tashin Almasihu na shekara ta 387, cikin watan Afrilu, Amburos ya yi masa baftisma, tare da ɗansa da Alipiyus. Suna kan hanyar komowa gida Monika ta kamu da zazzaɓi a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma, ta rasu tana da shekara 56. Ta riga ta ga abin da ta yi shekaru tana roƙo.

Makiyayin Hippo

A shekara ta 388 ya sauka Afirka, ya rabad da gadonsa, ya zauna a Tagaste da abokansa suna addu'a da nazari. Ba da daɗewa ba ɗansa ya rasu yana saurayi. A shekara ta 391 ya je Hippo, birnin bakin teku da a ke kira Annaba yanzu. Yana cikin sujada sai tsohon bishop Baleriyus ya faɗa wa jama'a yana bukatar mataimaki. Mutane su ka kama Agustin su ka tura shi gaba, aka naɗa shi yana hawaye. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop, ya kuwa yi wa Hippo hidima kusan shekara 40.

Kada mu zaci zaman karatu kaɗai ya yi. Kusan kullum ya kan zauna jin ƙararraki na gado da bashi da iyakar gona, wani lokaci har lokacin cin abinci ya wuce. Ya zauna gida ɗaya da ma'aikatan ikilisiya, ba mai cewa wannan nawa ne. A teburin cin abincinsu ya sa aka rubuta gargaɗi ga mai cin naman wanda ba ya nan. In kuɗin ikilisiya ya ƙare, ya kan sa a narkad da tasoshinta masu daraja a fanshi kamammu. Cikin wasiƙunsa da aka gano a Faransa, aka buga a shekara ta 1981, akwai wadda ya ba da labarin fataken bayi masu satar mutanen ƙauye, da yadda 'yan ikilisiyar Hippo su ka kuɓutad da mutum wajen 120 daga hannunsu. Cikin zamaninsa kuma aka yi taron ikilisiya a Hippo a 393, da a Kartaj a 397, inda aka lissafta littattafai 27 na Sabon Alkawari, su ne waɗanda ke hannunmu.

Wajen shekara ta 397 ya soma rubuta labarin ransa, littafin da a ke kira Furci. Ya rubuta shi kamar addu'a, yana tona asirin kansa a gaban Allah, domin masu yabonsa su san daga inda aka tsamo shi.

Manyan gardandami uku

Na fari, tsagin mabiyan Donatus. Asalinsa tsanani ne na sarki Diyokiletiyan da ya soma a shekara ta 303, sa'ad da waɗansu shugabanni su ka miƙa Littattafai aka ƙone. Mabiyan Donatus su ka ce duk baftismar da ta fito daga hannun irin waɗannan banza ce, su kaɗai ne ikilisiya mai tsarki. Agustin ya amsa cewa baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai zuba ruwa ba, ikilisiya kuma gona ce da alkama da zawan su ke girma tare har ranar girbi. A shekara ta 411 bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu su ka taru a Kartaj, hukunci ya faɗa kan mabiyan Donatus. A nan akwai tabo cikin tarihinsa wanda bai kamata mu rufe ba. Da fari ya ƙi a tilasta wa kowa, daga baya ya yarda hukuma ta matsa musu da tara da ƙwace majami'u, ko da ya ke ya roƙi kada a kashe kowa. Mutanen ƙarnukan baya su ka riƙe maganarsa hujja su ka tsananta wa waɗanda su ka saɓa musu. Babban malami ma ya kan yi kuskure, kuskurensa kuwa ya kan daɗe.

Na biyu, faɗuwar Roma. Cikin watan Agusta na shekara ta 410 Alarik sarkin Gotawa ya shiga birnin ya washe shi kwana uku. Masu bautar gumaka su ka ce barin allolin kakanni ne ya jawo. Agustin ya shafe shekara 13, daga 413 zuwa 426, yana rubuta amsa, littafi mai kashi 22 da a ke kira Birnin Allah. Ya nuna birni biyu ne ke tafiya a cakuɗe cikin tarihi, ɗaya ƙaunar kai ta gina shi, ɗaya ƙaunar Allah. Kowace daula tana da ranar faɗuwa, saboda haka kada mai bi ya ɗaura bangaskiyarsa ga wani mulki.

Na uku, koyarwar Pelajiyus, mutumin Birtaniya. Shi mai kamun kai ne, sakacin Kiristocin Roma ya dame shi, sai ya koyad da cewa tun da Allah ya ba da umarni, mutum yana da ikon cikawa da nufin kansa. Agustin ya tuna da itacen maƙwabci, ya tuna da sarƙar da ta ɗaure shi a Milan, ya san ba haka ba ne. Ya tsaya a kan koyarwar Bulus, cewa zunubi ya raunana nufin ɗan Adam, har son yin nagarta ma sai Allah ya fara ba da shi. Taron Kartaj na shekara ta 418 ya ƙi koyarwar Pelajiyus. Ba dukan abin da Agustin ya faɗa cikin zafin gardamar nan ne ikilisiyoyi su ka amince da shi baki ɗaya ba, musamman zancen zaɓe tun fil azal da na jariran da su ka mutu ba baftisma. Amma tushen maganar ya tsaya: ceto kyauta ne, aikin kirki kuwa 'ya'yansa ne, ba kuɗinsa ba.

Mutuwarsa da abin da ya biyo baya

Da ya tsufa ya bi littattafansa 93 ɗaya ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure yana gyarawa. A shekara ta 429 Bandalawa su ka ƙetaro daga Sifen, a 430 su ka kewaye Hippo. Waɗansu shugabanni sun tambaye shi ko su gudu, ya ba su shawara kada makiyayi ya bar garke muddin akwai sauran tumaki a wurin. Shi ma ya zauna. Cikin wata na uku na kewayewar zazzaɓi ya kama shi. Ya sa aka rubuta Zabura ta tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka, shi da ya yi shekara 43 da baftisma. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Abokinsa Posidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya shaida bai bar wasiyya ba, gama ba shi da abin bari sai littattafan ikilisiya.

Littattafan nan su ka tsira, su ka ƙetare teku, su ka zama abincin ikilisiyar Turai shekara dubu. Sarki Sharliman, wanda aka naɗa a Roma a shekara ta 800, ya kan sa a karanta masa Birnin Allah a wurin cin abinci. Anselam na Kantabari da Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, sun sha daga rijiyarsa. Martin Luta ma, kafin 1517, ɗan ƙungiyar zuhudu ce mai bin ƙa'idar Agustin.

A ƙasarsa kuwa abin ya sha bamban. Kartaj ta faɗa hannun Bandalawa a 439, ta faɗa hannun Larabawa a 698. Ikilisiyar da ta tara bishop fiye da 500 ta yi ta raguwa, har a shekara ta 1076 Paparoma Giregori na 7 ya koka ba a iya samun bishop uku a wurin da za su naɗa sabo. Dalilai suna da yawa, da yaƙi, da tsagi, da ƙaura. Amma akwai ɗaya da ya shafe mu. A Masar an juya Littafi cikin harshen Kibɗawa, a Habasha cikin harshen Gi'iz, ikilisiyoyin nan kuwa suna nan har yau. A Numidiya Littafi ya zauna cikin Latin, harshen birni da hukuma, mutanen ƙauye da na duwatsu suna magana da nasu harsuna. Agustin ya ga wannan rata, har ya nemi ma'aikata masu jin harshen ƙauyawa, amma ba a cike ta ba. Mu kuwa tun shekara ta 1932 mu ke da dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wanda ya ajiye nasa ƙura ta rufe shi, da me ya fi wanda bai samu ba?

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me Agustin ya ɗauki satar 'ya'yan itace babban abu? Me wannan ya ke koya mana game da asalin zunubi?
2. Monika ta yi shekaru tana addu'a ba ta ga amsa ba. Wa ke cikin gidanku da ku ka gaji da yi masa addu'a?
3. Ku sake karanta Ishaya 55:1-3. Ta waɗanne hanyoyi mu kan yi ƙoƙarin sayen abin da Allah ya ke bayarwa kyauta?
4. Ina kuskuren Agustin wajen mabiyan Donatus? Yaya ya kamata mu zauna da waɗanda su ka saɓa mana cikin bangaskiya?
5. Akwai waɗanda ke zuwa sujadarku ba su jin harshen da a ke wa'azi da shi sosai? Me ƙungiyarku za ta yi dominsu?

A rufe da addu'a, kowa ya ambaci mutum ɗaya da ya ke roƙon Allah ya juyo da shi.